Yadda zaka tura gaisuwar Sallah da ta sabuwar shekara zuwa tashoshin nesa har a karanta

Assalamu alaikum 'yan uwa masu murɗa akwati. Duk shekara da zarar azumi ya raba tsakiya, ko kuma Disamba ta kama, sai matasan da suka shigo harkar nan tamu ta farautar tashoshin gajeren zango su fara tsare ni da tambaya a majalisa, wai Baba ya ake yi ne gaisuwar mutum ta fito a rediyo ranar Sallah, mu mun tura mun tura shiru kake ji. Toh na ga gara in zauna in rubuta abin da na sani gaba ɗaya, wanda ya samu ya miƙa wa na kusa da shi.

Ni a hannun kawuna na koyi abin nan, anan Jekadafari cikin garin Gombe. Yana da wata tsohuwar National Panasonic mai jakar fata, da littafi mai bango baƙi da yake rubuta duk tashar da ya kama. A lokacin in Sallah ta matso katin zaɓe ake saya a cike a tura gidan rediyo, a jera sunayen 'yan uwa da abokai, sannan a kasa kunne a Rediyon Kaduna, wadda a wancan zamanin muke kamawa a kilohaz 6090 a mita 49. Na ƙasashen waje kuwa sai an je gidan waya an sayi kan sarki an manna a ambulan. Bayan wata biyu ko uku sai kaga amsa ta zo, wani lokacin kati, wani lokacin kalanda daga ƙasar Sin, kuma wallahi yadda kawu ke riƙe katin nan da hannu biyu yana nuna wa mutane har yau ina ganin abin a idona. Yanzu an samu WhatsApp da imel, hanya ta yi sauƙi, amma ƙa'idar tana nan yadda take.

Abu na farko, kuma shi ne inda mafi yawan mutane ke faɗuwa, lokaci. Kai ka tura gaisuwarka da safiyar Sallah bayan an sauko daga Idi, kana ta jira a karanta da rana. Malam ai ka makara. Shirye-shiryen gaisuwa da na wasiƙun masu sauraro sau da yawa tun kafin ranar ake haɗa su, ma'aikatan su ma mutane ne, suna da iyali, wasu sun ɗauki hutu, wanda ya rage a bakin aiki kuma saƙonni sun yi masa yawa. Don haka a Ƙaramar Sallah kar ka jira sai Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, tunda wannan sanarwar a daren jajiberi take zuwa. Da an shiga goman ƙarshe na azumi ka tura, ka rubuta a sama cewa gaisuwar Sallah ce a ajiye maka ita. Babbar Sallah ta fi sauƙi, da an ga watan Zulhijja ka san ranar goma ga wata ce, kana da kwana tara cif a hannunka, ka tura a ukun farko. Kirsimeti da sabuwar shekara kuma tun makon farko na Disamba. In kuwa takarda zaka aika ta gidan waya, irin yadda ni har yanzu nake yi wa tasha ɗaya ko biyu saboda daɗin abin, toh ka ba ta aƙalla wata ɗaya da rabi, ta sabuwar shekara ta bar hannunka kafin tsakiyar Nuwamba.

Sannan kafin ka ɓata lokacinka ka tabbatar tashar da kake son gaisarwa tana nan a iska, kuma a ina take. Manyan tashoshin gajeren zango sau biyu suke sauya mitocinsu a shekara, Lahadin ƙarshe ta watan Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Ita kuma Sallah kowace shekara tana matsowa baya da wajen kwana goma sha ɗaya, shi yasa inda ka kama tasha a Sallar wata shekara ba lallai ka same ta a wurin ba in wata ta zagayo, musamman a shekara irin 2025 da Ƙaramar Sallah ta faɗo kusa da sauyin watan Maris. Wasu kuma sun yi shiru gaba ɗaya. Sashen Hausa na Muryar Amurka da muka saba da shi tun 1979, kowa ya ga yadda ya ɗauke a watan Maris na 2025 lokacin da gwamnatinsu ta dakatar da aikin gidan. Tashar da DW ke da ita a Kigali wadda ta daɗe tana turo mana shirye-shirye an rufe ta tun 2015. Saboda haka ka fara kunna akwati ka ji da kunnenka, kar ka dogara da tsohuwar takardar mitoci da ke cikin durowa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya bambanta gaisuwarmu da ta sauran jama'a. Kowa zai iya rubuta barka da Sallah a Facebook. Mu masu sauraron nesa gaisuwarmu tana tafiya ne da rahoton yadda muka kama tashar, shi ne goron da muke kai musu. Mutumin da ke zaune a Landan ko Bon ko Beijin yana magana a gaban makirfo bai san yadda muryarsa ke sauka a Gombe ba, sigina ta taso daga tsibirin Ascension can tsakiyar tekun Atlantika, ko daga Issoudun a Faransa, ta daki sama ta dawo ƙasa, shi bai san ko ta iso da ƙarfi ko ta iso a galabaice ba sai mun gaya masa. Gaisuwar da ta zo da rahoto ana mata kallon ta mai sauraro na gaske.

Toh ka zaɓi rana ɗaya ko biyu ka zauna musamman ka saurara, aƙalla minti ashirin ba tare da ka tashi ba. Ka fita tsakar gida ko ka hau sama in akwai bene, ka yi nesa da cajar waya da inbata da ƙwan fitila irin na zamani da janareto, waɗannan su ne ke cika akwati da ƙara. Duk wanda ya daɗe a harkar nan ya san daren da NEPA suka ɗauke wuta a unguwa gaba ɗaya shi ne daren da zango ke wankewa tas. Ka sa batir sabo. In eriyar akwatinka gajera ce ka samu waya siririya mai tsawon mita biyar zuwa goma, ka ɗaura a reshen dalbejiya ko kan katanga, ka naɗa ƙarshenta a jikin eriyar, amma don Allah nesa da wayar lantarki, kuma in damina ce da ka ga hadari ya haɗu ka cire ta. Da rana ka nemi tashoshi a mita 19 da 16 da 13, da dare da asuba kuma ka sauko mita 25 da 31 da 41 da 49. Ko Kchibo ce ɗan ƙarami a hannunka zata yi, sai dai mai nuna lamba irin Tecsun ko Sony ta fi, don zaka iya rubuta kilohaz ɗin daidai maimakon kace wajen mita kaza.

Abin da zaka rubuta kuwa: kwanan wata, lokacin da ka fara da wanda ka gama, mita ko kilohaz, irin akwatinka da eriyarka, garin da kake, da abubuwa biyu ko uku da ka ji a cikin shirin waɗanda wanda bai saurara ba ba zai iya faɗa ba. Kar kace kawai na ji labaran duniya, kowa ya san ana labaran duniya. Kace da ƙarfe kaza da minti kaza an yi hira da wani manomi kan farashin taki, bayan nan mace ta karanta labarin wasanni. Lokaci kuma da agogon GMT ake rubutawa, wasu na ce masa UTC, mu a Najeriya muna gaba da shi da awa ɗaya rani da damina, in agogonka ya nuna takwas da rabi na dare sai ka rubuta 19:30. Ga wani tarko da ke kama mutane a daren sabuwar shekara: in ka saurara da sha biyu da rabi na dare anan Gombe, kai a wurinka 1 ga Janairu ta shiga, amma a GMT har yanzu 23:30 ne na 31 ga Disamba, in ka rubuta 1 ga wata za su duba jadawalinsu su ga bai yi daidai ba.

Sai lambobi biyar ɗin nan da ake kira SINPO, waɗanda ke tsorata sababbin shiga alhali ba komai bane. Kowane harafi zaka ba shi maki daga 1 zuwa 5, biyar ce mafi kyau. S ƙarfin muryar. I ko akwai wata tasha da ke shigo mata a kai ko a gefe. N ƙarar iska, irin shuuu ɗin nan ko ƙas-ƙas na tsawa. P yadda murya ke tafiya tana dawowa. O kuma hukuncinka gaba ɗaya. In muryar da ƙarfi, ba mai shigo mata, ƙara kaɗan, tana ɗan lumshewa jefi-jefi, sai kace 45444. Roƙona ɗaya anan, kar ka ba da 55555 don kawai Sallah ce kana son faranta musu rai. Injiniyan da zai duba ya fi buƙatar ya ji cewa wata tasha na danne su a mita kaza, don ta haka ne zai san inda zai gyara. Kuma kar ka ba O biyar alhali ka ba S biyu, ana gani za a gane ba ka fahimci abin ba.

Ita kanta gaisuwar ka taƙaita ta. Mu Hausawa mun iya gaisuwa, in an bar mu sai mu gaida gari guda, amma mai gabatarwa minti kaɗan gare shi kuma mutum ɗari ke jira. Sunaye uku zuwa biyar sun isa. In ka jera ashirin, ko dai a tsallake ka ko a karanta biyun farko a ce da sauransu, wanda ka fi so a ambata yana can na sha bakwai. Ga yadda ni nake tsara tawa:

Assalamu alaikum ma'aikatan sashen Hausa. Daga wane ɗan wane, unguwa kaza, Gombe, Najeriya. Ina yi muku barka da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu ya maimaita mana. Ina miƙa gaisuwa ga mahaifiyata a Dukku, da yayana a Kumo, da dukkan masu sauraron gajeren zango na jihar Gombe. Na kama shirinku ranar kaza daga ƙarfe kaza zuwa kaza agogon GMT a kan kilohaz kaza, SINPO kaza, ga abin da na ji a ciki. In da hali ina neman katin QSL na tabbatar da wannan rahoto. Na gode.

Shikenan. QSL ɗin nan shi ne katin shaida da tasha ke turowa cewa eh lallai mu ka kama, wasu a takarda, da yawa yanzu ta imel. Akwai tashoshin da har yau suke ba abin muhimmanci, irin su Radio Romania International da KBS ta Koriya ta Kudu da Radio Taiwan International. Su waɗannan da Turanci ko Faransanci ko Larabci zaka rubuta musu, in Turancin bai zauna maka ba ka sa ɗalibi a gida ya taya ka layi uku na gaisuwar, lambobin rahoto kuwa ko'ina iri ɗaya ne. In kuma saƙon murya zaka tura wa sashen Hausa, ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, ka kashe fanka, ka rage akwatin, ka fara da sunanka da garinka a tsanake, kar ya wuce daƙiƙa talatin zuwa arba'in. Saƙon da aka ɗauka a bakin titi Keke Napep na ta hon ba mai iya sa shi a iska.

Akwai wata ɗabi'a da ke ci min rai, kuma zan faɗe ta ƙarara. Mutum ya rubuta layi ɗaya na barka da Sallah, sannan layi goma na a turo min rediyo, a turo min riga da hula, a turo min agogo, har da mai neman a kai shi ƙasar waje. Wannan ya zubar mana da mutunci ba kaɗan ba. Na taɓa zama da wani tsohon ma'aikacin wata tasha da ya zo gari, yace min akwai lokacin da in suka ga ambulan daga yankinmu tun kafin su buɗe sun san me ke ciki, abin ya dame ni kwana da kwanaki. Katin QSL haƙƙinka ne ka nema tunda ka yi aikin rahoto, jadawalin mitoci ma babu laifi. In suna da kalanda ko sitika za su sako maka da kansu. Bayan wannan ka bar gaisuwa ta tsaya a gaisuwa.

Sai maganar sanin bikin wanda kake gaisarwa. Mu anan Gombe ba baƙon abu bane, abokan sauraronmu na Billiri da Kaltungo da Balanga da yawansu Kirista ne, suna turo mana barka da Sallah, mu ma in 25 ga Disamba ta zo muna kiran su mu ce barka da Kirsimeti, an ga sabuwar shekara lafiya. Haka ya kamata a yi wa na nesa. Sabuwar shekarar Sinawa ba 1 ga Janairu bace, tana faɗowa ne tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, kowace shekara da ranarta. Ta Iraniyawa, Nowruz, wajen 20 ko 21 ga Maris. Habashawa sabuwar shekararsu a Satumba take, 11 ga wata mafi yawan shekaru, Kirsimetinsu kuma 7 ga Janairu, haka ma Kibɗawan Masar. In ka gaida ma'aikatan tasha a ranar bikinsu na gida, daga wani gari da watakila sai sun duba taswira kafin su gano shi, ba sa mantawa da sunanka. Sassan Hausa kuwa, BBC da ta fara tun 1957, DW da Rediyon Sin da suka fara a 1963, RFI da ta zo a 2007, ma'aikatansu 'yan uwanmu ne na Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru, wasu suna Sallah a ƙasar sanyi babu dangi babu tuwon Sallah babu hawa, su ma ka tuna ka gaishe su su kansu, ba wai kawai ka ba su jerin sunaye su karanta maka ba. Akwai kuma 13 ga Fabrairu, Ranar Rediyo ta Duniya da UNESCO ta ware, ita ma rana ce mai kyau ta aika saƙo.

Ga masu son farauta, lokutan bukukuwa akwai shirye-shirye na musamman da suka cancanci a kasa musu kunne. A Jamus gidan rediyon NDR na da wani shiri da suke yi duk jajiberin Kirsimeti, 24 ga Disamba, tun 1953, iyalai ke aika gaisuwa ga mazajensu da 'ya'yansu ma'aikatan jirgin ruwa da ke tsakiyar teku, kuma ana sa shi a gajeren zango don ya kai gare su. Ko ba ka jin Jamusanci, muryar uwa tana gaida ɗanta ba ta buƙatar tafinta. BBC ma na da irinsa duk 21 ga Yuni, gaisuwar iyalai ga ma'aikatan binciken Birtaniya da ke zaune a yankin ƙanƙara na Antatika a tsakiyar hunturunsu. Ranar 31 ga Disamba kuma zaka iya bin sabuwar shekara tana tahowa daga gabas: sha biyun dare a Japan ƙarfe huɗu na yamma ne a nan, a Sin ƙarfe biyar, a Indiya bakwai da rabi na dare, Landan kuma sai ɗayan dare namu. Mitocin irin waɗannan shirye-shiryen sukan sauya duk shekara, sai an nemi na shekarar a intanet kwana kaɗan kafin ranar. Kuma Disamba lokacin hunturu ne, babu tsawa, iska a bushe, zango ya fi tsabta fiye da damina nesa ba kusa ba.

Kar kuma garin gaida Landan da Bukares ta Romaniya mu manta da na bayan gida. Kusan kowace unguwa akwai dattijon da ya shekara arba'in da akwati a kunne, ya san muryoyin da mu ba mu riska ba, yanzu ido ya yi rauni baya iya danna waya. In kun fita yawon Sallah ku biya ta wurinsa, ku durƙusa ku gaishe shi, ku kai masa batir kwali ɗaya a matsayin goron Sallah, ku tambaye shi wa yake so a gaisar masa ku rubuta ku tura da sunansa. Ni haka na riƙa yi wa kawu a shekarunsa na ƙarshe, kuma ranar da ya ji sunansa ya fito a shirin dare sai da ya sa aka kira masa maƙwabta. In ƙungiyarku ta masu sauraro ta rasa wani a cikin shekarar, ku sa sunansa a gaisuwar da addu'ar Allah ya jiƙansa, masu gabatarwa da yawa sun san sunayen nan shekara da shekaru, su ma suna son su ji.

Bayan ka tura, ka rubuta a littafinka ranar da ka tura da tashar da ka tura wa. Ranar Sallah da kwana biyu ko uku bayanta ka riƙa bin shirin, don wani lokacin sai a ƙarshen mako ake karantawa, ka ajiye waya kusa da sifika ka danna ɗaukar murya tun kafin a fara jero sunaye, in ba haka ba kafin ka lalubo maɓalli an wuce naka. In ba a karanta ba kar ka bi su da saƙon ƙorafi, ka sake turawa a biki na gaba da wuri fiye da wannan. QSL ta imel takan zo cikin kwanaki ko makonni, ta takarda kuwa ka ba ta wata uku, in shiru sai ka sake tura kwafin rahoton nan dai da kwanan watansa na asali, ka ƙara layi ɗaya a sama cewa tunatarwa ce.